DARASIN ƊINKI: YADIN ROBA MAI KAURI, HALINSA DA YADDA AKE SARRAFA SHI

Darasinmu na wannan fitowa a kan yadin nan ne mai kauri mai miƙewa, wanda a kasuwa muke ce wa yadin roba. Ga shi da kyan gani da laushi, ba ya yamutsewa, amma kuma ya sa teloli da dama asara.

Abin da ya sa na zaɓi wannan darasi shi ne abin da ya sami wata ɗalibata ana gab da ƙaramar Sallah. Maƙwabciyarta ta kawo mata yadin roba, ta ce a yi wa 'ya'yanta mata uku dogayen riguna. Yarinyar nan ta iya ɗinkin atamfa ƙwarai, don haka ta auna, ta yanka, ta ɗinka kamar yadda ta saba. Ranar Sallah da safe babbar ta sa rigar, tana ɗaga hannu sai zaren hammata ya tsinke. Ƙasan rigunan kuwa duk ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganyen salak. Dole ta biya kuɗin yadi, ga kunya, ga rasa mai kawo ɗinki. Da ta kawo mini rigunan na duba, sai na ga hannunta ba shi da laifi, halin yadin ne ba ta sani ba. Hausawa kuwa sun ce sanin hali ya fi sanin kama.

ME YA BAMBANTA SHI DA ATAMFA?

Atamfa da shadda da yadin makaranta duk saƙar zare biyu ce: akwai zaren tsaye, akwai na kwance, suna ratsa juna kamar saƙar tabarma. Zaren a miƙe yake, shi ya sa in kin ja atamfa ba ta biyo ki. Yadin roba kuwa saƙarsa irin ta hular sanyi ce da muke yi wa jarirai da kibiya, wato zare ne ake lanƙwasawa ana yin ƙananan zobba, kowane zobe na sarƙe da ɗan'uwansa. In aka ja, zobban su buɗe, in aka saki su koma. Injin irin wannan saƙa na farko wani Bature ne mai suna William Lee ya ƙera shi a Ingila a 1589, don saƙa safa.

Bayan saƙa akwai abu na biyu da ke ƙara masa miƙewa, wato siririn zaren roba da ake cuɗawa a ciki. Sunansa sifandes, kuma wani masanin haɗa sinadarai, Joseph Shivers, ya samar da shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1958. Shi ne aka riƙa sayarwa da sunan Lycra, har sunan ya bi yadin a bakin 'yan kasuwa. Wannan zare yana iya miƙewa ninki biyar na tsawonsa ya dawo. Kaɗan ake sawa, yawanci kashi 3 zuwa 10 cikin 100, amma shi ne ke mai da yadi mazauninsa bayan an ja shi.

To ina kaurin ya fito? Yadin singileti da rigar ƙwallo, wanda ake kira jesi, saƙa ɗaya ce, da jerin allurai ɗaya ake yin ta. Mai kaurin kuwa injinsa jerin allurai biyu ne da shi, yana saƙa fuska biyu lokaci guda yana sarƙe su. Don haka gaba da bayansa kusan iri ɗaya ne, yana da nauyi, kuma in kin yanka bakinsa ba ya nannaɗewa kamar jesi, ba ya kuma zazzago zare kamar atamfa.

IRE-IRENSA A KASUWA

In kin shiga Kantin Kwari a Kano ko wata babbar kasuwar yadi, iri biyu za ki fi cin karo da su, kuma yawanci faɗinsu inci 58 zuwa 60 ne, sun fi atamfa faɗi sosai.

Na farko shi ne fonte. Cikakken sunansa Ponte di Roma, wato "gadar Rum" da harshen Italiya. Ba shi da ƙyalli, in kin ƙura ido za ki ga siraran layuka a kwance. Mai kyansa haɗin zaren rayon ne da nailan da ɗan sifandes. Akwai kuma mai araha wanda foliyesta ya fi yawa a ciki. Fonte yana zuba a jiki, yana kuma ɗan barin iska ta shiga, musamman mai rayon.

Na biyu shi ne sikuba. Shi santsi gare shi, in kin matsa shi kamar soso, kuma kusan dukkansa foliyesta ne da ɗan sifandes. An sa masa wannan suna ne don ya yi kama da rigar masu nutso a teku, ko da yake ainihin rigar nutso da wata irin roba daban ake yin ta. Sikuba ba ya zuba, tsayawa yake yi, shi ya sa ake son sa wajen ɗinki mai buɗaɗɗen ƙasa. Akwai kuma ɗan'uwansa mai ɗan gautsi-gautsi a fuska wanda ya fi shi sauƙin nauyi.

Masana'antu suna auna kaurin yadi da nauyin murabba'in mita ɗaya. Jesin singileti kan kama giram 140 zuwa 180, fonte da sikuba kuwa daga wajen giram 250 zuwa 400. Ki riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

GWAJI BIYAR KAFIN KI BIYA KUƊI

'Yar'uwa, kada ki je sayen yadin roba ba tef a jakarki. Mai shago na gari ba zai hana ki gwadawa ba.

1. Gwajin miƙewa. Ki ninka yadin ta faɗinsa, nesa da baki kaɗan. Ki kama inci 4 tsakanin hannayenki a kan tef, ki ja a hankali har ki ji ya fara turjewa. In ya kai inci 5, miƙewarsa kashi 25 cikin 100 ke nan. In ya kai inci 6, kashi 50 ne. Sai ki sake gwadawa ta tsawo. Wani ta faɗi kawai yake miƙewa, wani ta ko'ina.

2. Gwajin komawa. Wannan ya fi na farko muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Ki ja, ki riƙe kamar rabin minti, ki saki, ki sake aunawa. In ya koma inci 4 daidai, yadi ne na kirki. In ya tsaya a huɗu da rabi, to ki sani siket ɗin da aka yi da shi zai yi buhu a mazaunai, wando kuma ya yi gwiwa tun sawar farko.

3. Gwajin haske. Ki ja shi ki ɗaga wajen rana. Wani yadin yana rufe jiki in yana kwance, amma da an ja sai ya zama shara-shara. Mai zane kuma, in fenti ne a fuska kawai, za ki ga fari na leƙowa ta tsakanin zanen.

4. Gwajin ƙuraje. Ki goga yadin da junansa da ɗan ƙarfi kamar sau ashirin. In gashi ya fara tashi, to bayan wanki kaɗan zai yi ƙananan ƙulla-ƙulla a hammata da inda jaka ke gogawa.

5. Gwajin zuba. Ki jiƙa farin hankici ki goga. In launi ya fito, kada ki haɗa shi da farin yadi a ɗinki ɗaya.

In kina son sanin zaren da aka yi shi da shi, ki karɓi ɗan ƙyalle ki je gida, ki ɗora a tsohon faranti, ki ajiye ruwa kusa, ki kyasta masa ashana. Auduga da rayon suna ƙamshin takarda mai ƙonewa, su bar toka mai laushi. Foliyesta kuwa ƙanƙancewa yake yi, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri. Araha ba ta ado, gara ki ƙara kuɗi kaɗan ki sayi wanda ya ci waɗannan gwaje-gwaje.

INDA YA DACE DA INDA BAI DACE BA

Fonte ya yi kyau da siket mai faɗi, doguwar riga ta lokacin hunturu, wandon da ake sawa ƙarƙashin riga, kwat ta zuwa aiki, da rigunan yara masu yawan guje-guje. Yana kuma taimakon mai juna biyu: in aka sa shi a ƙugun siket maimakon tazuge ko zif, siket ɗin zai riƙa bin cikin wata bayan wata ba tare da ya matse ta ba. Matafiya ma suna jin daɗinsa don ana fiddo shi daga akwati a sa ba guga. Sikuba kuwa ya fi dacewa da rigar biki ta yara, da hannun riga ko ƙasan riga da ake so ya tsaya.

Amma akwai wurare uku da ya kamata ki yi hattara.

Na ɗaya, nauyi. Mu koma lissafinmu. Yadi mai giram 300, mai faɗin inci 60, kowane yadi ɗaya nasa ya haura giram 400. In kika yi dogon hijabi da yadi 4, kin ɗora wa mace fiye da kilo ɗaya da rabi a ka ke nan, yana jan ta baya duk yini. Saboda haka hijabi sai mara nauyi. In mai ɗinki ta nace, ki yi mata wannan lissafi ta gani da idonta.

Na biyu, zafi. Auduga tana shan danshi kamar kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyinta, rayon ya fi haka, amma foliyesta ko kashi 1 ba ya kaiwa. Ma'ana gumi ba ya samun wurin zuwa, sai ya kwanta a fata. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, rigar sikuba azaba ce, kuma tana jawo wa yara ƙurajen zafi. Ki bar ta sai Disamba da Janairu.

Na uku, wuta. Wannan magana ce ta rai. Yadin foliyesta da nailan in wuta ta kama su narkewa suke yi su manne a fata, ƙunar kuma ta yi zurfi. Kada a shiga madafa da shi, ko murhun itace ne ko na gas, kuma kada a bar yaro ya zauna jin ɗumi da rigar sikuba a jikinsa. Ki riƙa gaya wa duk wadda kika ɗinka wa.

Sai maganar sutura. Mun san sharuɗɗan tufafin fita da malamai ke karantar da mu, daga ciki akwai kada ya zama shara-shara, kada kuma ya matse har ya fito da surar jiki. Yadin roba mai kauri ya tsallake na farko, amma a na biyu ne ake faɗawa. Dalili kuwa, samfurin ɗinkin Turawa da ake kwaikwayo an tsara shi ne a yanka yadin daidai da jiki ko ma ƙasa da awon jiki, don robar ta kama. To yadin ba shi ya ce a yi haka ba, almakashi ne. In kika ba shi sarari, kaurinsa ma taimako ne, don ba ya lafewa a jiki kamar jesi mara nauyi, iska kuma ba ta ɗaga shi.

AWO DA YANKA

Ƙa'idar da nake so ki haddace ita ce: ki auna yadin roba yana kwance yana hutawa, kada ki lissafa da miƙewarsa. Misali, mace mai kewayen kwankwaso inci 40, in rigar fita ce, ki yanka ta yadda bayan ɗinki za ta zama inci 45 ko 46. Miƙewar ta zama ta jin daɗin tafiya da zama da ruku'u, ba ta cike gurbin yadin da aka rage ba.

Kafin yanka ki wanke yadin ki shanya, musamman fonte mai rayon, don yana ɗan shiga a wankin farko. Bayan ya bushe ki shimfiɗa shi ya kwana. Yadin da aka naɗe a sanda a jaye yake, in kika yanka nan take, gobe za ki tarar guntayen sun gajarce.

Ki tabbata ɓangaren da ya fi miƙewa shi ne zai kewaye jiki, ba wanda zai sauka daga kafaɗa zuwa ƙasa ba. In kika juya, rigar za ta matse a faɗi, ta riƙa tsawo kullum. Ki yanka dukkan guntaye suna fuskantar gefe ɗaya, don wani yadin launinsa na ɗan sauyawa in an kifa shi. Tunda gaba da baya sun yi kama, ki sa alamar alli a bayan kowane gunto.

Kada ki bar ragowar yadin yana lilo daga kan tebur lokacin da kike yanka, nauyinsa zai ja wanda ke sama, layinki ya karkace. In teburinki ƙarami ne, ki shimfiɗa tabarma ki yanka a ƙasa. Almakashi ya zama mai kaifi, kuma in yadin ya cika kauri ki yanka fai ɗaya-ɗaya.

ƊINKI

Allura ita ce farkon magana. Allurar atamfa mai tsini ce, tana huda zare. In ta huda zoben saƙa sai ya tsinke, ƙaramin rami ya fito a bakin ɗinki, ko keke ya riƙa tsallake. Ki nemi allurar yadin roba, wadda bakinta a mulmule yake kamar kan biro, ita tana ratsawa ne ta tsakanin zobba. Lamba 12 ko 14 ta isa. Lamba 16 da 18 na jins ne, su bar rami. Ki gaya wa mai shago irin kekenki, don allurar keken gida gindinta da ɓari ɗaya a shafe, ta babban keken masana'anta kuwa gindinta a kewaye yake. Zare kuma na foliyesta za ki sa, don yana ɗan bayarwa. Na auduga tsinkewa yake yi.

Abin da ya tsinka hammatar rigar da na ba ku labari shi ne miƙaƙƙen ɗinki: yadi ya miƙe, zare bai miƙe ba. In kekenki na lantarki ne mai zigizag, ki sa ɗan siriri, faɗin milimita 1 ko ƙasa da haka, tsawon milimita 2 da rabi. In kina da keken wibin mai zare huɗu, shi ne sarki a wannan aiki, yana haɗawa yana gyara baki lokaci guda.

In kuwa keken ƙafa ne gare ki irin Butterfly, kada ki karaya. Ki sa tsawon ɗinki ya zama kamar 9 ko 10 a kowane inci, ki ɗan sassauta zaren sama. Ki riƙe yadin gaba da bayan allura, ki ɗan ja shi kaɗan kawai yayin da yake wucewa, don in ya koma zaren ya sami rara. A hammata da tsakiyar wando ki yi layi biyu kusa da juna. Amma a kula, ja kaɗan na ce. Jan da ya wuce kima shi ke kawo lanƙwashewar nan ta ganyen salak. Wani abin da ke kawo ta shi ne ƙafar keke in ta danne yadi da yawa, sai ki ɗan kwance noti na saman kan keken. In haƙoran keke na cin bakin yadi a farkon ɗinki, ki sa 'yar takarda a ƙasa, in kin gama ki yage.

Kafaɗa ita ke ɗauke da nauyin riga, don haka ba a so ta miƙe. Ki yanko siririn bakin atamfa, faɗin rabin inci, ki haɗa a cikin ɗinkin kafaɗa. Haka za ki yi a inda za ki sa zif da bakin aljihu. In za ki haɗa yadin roba da atamfa a riga ɗaya, ki sa atamfar a sama robar a ƙasa wajen haƙoran keke, kuma ki tuna ɓangaren atamfa ba zai buɗe ba, dole a yi masa zif ko maɓalli.

Kafin kalmasa ki rataye rigar kwana ɗaya ta gama saukar da za ta yi, sannan ki daidaita ƙasan. Ninki ɗaya ya isa, tunda ba ya zazzagowa. Ninki biyu kauri zai yi kamar igiya. Sikuba ma ana iya barin bakinsa haka nan in an yanka shi sumul. Ko yaushe ki fara gwadawa a ƙyalle, ki ja ɗinkin da ƙarfi. In kin ji ƙas, gyara keke tukuna.

WANKI DA GUGA

Abokan gabar zaren roba su ne zafi da bilic. A wanke da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a juya cikin riga waje, kada a murɗe da ƙarfi. A shanya a inuwa, a ninka a kan igiya ta tsakiya don nauyin ruwa kada ya ja ta. Bilic yana cinye robar, in kin ga wasu siraran zare masu ƙyalli na leƙowa daga yadi, to robar ta mutu, ba ta da gyara. Guga kuwa da wuta kaɗan, ta baya, a ɗora ƙyallen auduga a kai. Dutsen guga na gawayi ba a iya daidaita zafinsa, gara a bar shi ya huce sosai, ko a haƙura da gugar, don in ya yi wa sikuba tabo mai ƙyalli ba ya fita. Wajen ajiya a ninke rigar a akwati, in ta daɗe a rataye kafaɗunta za su yi ƙaho.

AIKIN GIDA

Kowace ɗaliba ta nemo rabin yadi na fonte ko sikuba. Ta yi gwajin miƙewa da na komawa ta rubuta abin da ta samu. Ta yanka ƙyalle uku, ta ɗinka ɗaya da allurar atamfa, ɗaya da allurar roba ba ja, ɗaya da allurar roba da ɗan ja, sannan ta ja kowanne ta ga wanda zai tsinke. Da ragowar ta ɗinka wa ƙaramar yarinya siket.

Yadin da aka kawo miki amana ce a hannunki. In aka kawo irin wanda ba ki taɓa ɗinkawa ba, ki faɗi gaskiya, ki roƙi ɗan ƙyalle ki gwada kafin ki sa almakashi. Ɗalibar tawa ma haka ta koma yi, kuma maƙwabciyar ta dawo mata da ɗinkin Babbar Sallah. Allah Ya sa wa sana'armu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.